Langa a Kan Falalen Dutse

Yayan matata ya daɗe yana neman ya raba ni da babban ɗana. Ba da faɗa yake nema ba, da ladabi yake zuwa, irin ladabin masu albashi da ke sa talaka ya ji kamar an tofa masa yawu a fuska. Duk Sallah sai ya zo gidana a unguwar Limawa, nan cikin garin Dutse, da motarsa, a shimfiɗa masa tabarma ya tsaya sai an kawo kujera, ya dubi yaron ya ce, "Malam, wannan kansa na ja. Ka ba ni shi ya zauna wurina a Takur, in sa shi makarantar da nawa suke." Ni kuma in ce Allah ya saka da alheri, Alhaji, a dai bari ya ƙara girma. Abin da nake cewa a cikina kuwa ba ya rubutuwa.

Facin taya nake yi a bakin titi. A aji biyu na sakandare na tsaya, kuma ba ciwo ne ya tsayar da ni ba, babu ce. Na san riƙo ba abin kunya ba ne, rabin mutanen da na sani a hannun kawu ko gwaggo suka tashi. Amma na san abin da gidan tayil da fanka ke yi wa yaro. Shekarar da ta gabaci wadda zan ba da labarinta, na bar yarana uku suka yi mako biyu na hutu a Takur. Alhaji ya zuba su a mota har Kano, aka hau lilo mai lantarki, aka sha abin sanyi a kofin takarda. Da suka dawo, ƙaramar ta tsaya a ƙofar banɗakinmu ta ce ita ba za ta shiga ba, wai rami ne. Babban kuwa, da aka kawo tuwo sai ya tashi ya ɗauko cokali. Na doke hannunsa, cokalin ya tashi ya faɗa cikin kwata. Na ce a gidan nan da hannu aka ci aka haife ka.

Saboda haka da dogon hutu ya sake zagayowa, damina ta zauna, uwarsu ta same ni ina ɗaure buhun kayan aikina a bayan babur.

"Yaya ya aiko. Ya ce a shirya yara ranar Asabar."

"Babu inda za su."

"To me za su yi a gida har makaranta ta koma? Su zauna suna kallon fuskarka?"

"Fuskata me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, Malam. Kullum dai kamar an aiko mata da saƙon mutuwa."

Na ce mata ta zuba ido. Zan ba su hutun da ba a saye da kuɗi, irin wanda in sun koma makaranta 'ya'yan masu albashi za su kewaye su suna jin labari. Ta ce Allah ya nuna mana. Sai ta rage murya ta ce, "Wannan yaron dai ya sa rai." Haka take kiransa, wannan yaron. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, ko kuka yake sai dai ta kau da kai wata ta rarrashe shi. Ni ma "kai" nake ce masa. Haka muka taso muka tarar, kuma ban ga aibunsa ba a lokacin.

In faɗi gaskiya, mako biyun farko na cika alkawari. Na samo tsohuwar tayar mota na rataye ta da igiya a reshen darbejiyar ƙofar gida, ga lilo, babu lantarki babu mai karɓar tikiti. Na yanka tsohon tub ɗin taya na yi wa mazan danƙo. Na nuna musu yadda ake motar kara, a yi mata tayoyi da tsofaffin silifa, a sa mata dogon sitiyari. Kullum bayan la'asar sai in rufe rumfa, in zo in kwashe su mu nufi duwatsu. Uwarsu takan kwaɗa mana garin rogo da ƙuli da albasa a ƙullin leda, wani lokaci mu gasa masara a gindin dutse. Mu hau can sama mu zauna, gari gaba ɗaya a ƙarƙashinmu, kore shar, itatuwan dabino a tsaitsaye, motoci kamar ƙwari. Na nuna musu Yalwawa, na nuna musu hanyar da ta nufi ƙauyenmu. Ƙaramar ta ce, "Baba, ina gidan Kawu?" Na ce ga shi can, ƙanƙani kamar kashin awaki. Suka yi dariya. Har babban ya yi dariya, kuma da wuya ya yi a gabana.

Kafin a jima yaran unguwa suka fara binmu. Muna fita su bakwai, washegari su goma sha. Iyaye mata suna leƙowa suna cewa Allah ya saka wa Baban yara, ya ɗauke mana su mun huta. Labari ya kai har Takur. Ɗan Alhaji na biyu, mai shekara goma sha biyar, ƙato kamar ɗan maraƙi, ya tasa uwarsa a gaba sai an bar shi ya zo gidan gwaggonsa ya kwana biyu. Ranar da aka sauke shi a ƙofar gidana da 'yar jakarsa, wallahi na ji daɗin da ban taɓa ji ba ko ranar aurena. Ɗan gidan tayil ya zo hutu gidan mai faci.

Da na tsaya a nan da ban rubuta wannan ba. Amma lilo da danƙo sun fara gundurar manyan, suka koma leƙa wayar ɗan Alhaji, kai bisa kai, ɗana a tsakiyarsu. Sai na ce bari in koya musu wasan maza.

A ƙauyenmu ni gwanin langa ne, a tambaya. Ga wanda bai sani ba, ana rabuwa gida biyu ne. Kowa ya naɗe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, yana tsalle da ɗayar. Kowane ɓangare na da mutum ɗaya da ake kira ruwa, shi ne 'yan'uwansa za su kare har ya kai wurin da aka shata, a ce ya sha. Abokan gaba kuma su yi ta bangazar mutane da kafaɗa da hannun da ya rage don su kai gare shi. Duk wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa an kashe shi, sai ya fita. In aka kashe ruwa, an ci ɓangarensa. Ba wani abu ake saye ba, ƙafa ce da zuciya.

Matsalar fili ce. Mu a dandali muke yi, bayan an gama girbi, a kan rairayi mai laushi wanda in ka faɗi sai dai ka tashi ka karkaɗe. Da damina kuwa a Dutse babu filin banza. Duk kangon da ba a gina ba an shuke shi da gero ko gyaɗa, wanda ba a shuka ba ruwa ya kwanta ya zama caɓi. Na zaga na zaga ban samu ba. Sai na tuna da wani falalen dutse da muke wucewa, shimfiɗaɗɗe kamar an daɓe shi, faɗinsa ya kai filin gida biyu, ruwa ba ya kwanciya a kansa. Na ce shi ke nan, ga fili Allah ya ba mu.

Akwai wani tsoho da ke ɗaure tumakinsa a gefen wurin yana yankar musu ciyawa. Ranar farko ya tsaya ya jingina da sandarsa yana kallo ina raba yara. Da ya gane abin da za a yi sai ya matso.

"Ɗana, langa za ku yi a nan?"

"Ita za mu yi, Baba."

"Langa wasan rairayi ne. Dutse ba ya yafiya."

"Baba, ka ji da tumakinka. Ga waccan tana cin igiya."

Ya dube ni, ya dubi yaran, ya koma ga ciyawarsa.

Na sa ɗana ya zama ruwa a ɓangarensu. Da gangan na yi. Ina so ya sha a gaban ɗan kawunsa, ina so yaron can ya koma Takur ya ce ai ɗan gwaggo namiji ne. Aka fara. Yara na ihu, ana bangazar juna, ƙanana na faɗuwa suna gurje gwiwa suna tashi da dariya. Ɗana ya taho da tsallensa, siriri kamar sillen kara, saura kaɗan ya kai. Sai ɗan Alhaji ya ɓullo ta gefe ya nufo shi. Tun kafin ya taɓa shi, ɗana ya saki ƙafarsa ya tsaya a kan biyu. Ya kashe kansa da kansa.

Ɗan Alhaji ya fashe da dariya. "Kai, matsoraci! Ko hura maka iska ban yi ba!"

Ina da wani guntun tiyo na injin iska da nake sokewa a ƙugu. Yarana sun san shi, uwarsu ma ta san ƙararsa. Na kira ɗana. Ya zo ya tsaya.

"Me ya sa ka saki?"

"Baba, tsoron faɗuwa na ji. Wurin da tauri."

Na zuba masa a baya. Na ƙara a cinya. Ya durƙusa, na ɗago shi da kunne na ƙara masa uku, a gaban yaran unguwa, a gaban ƙannensa, a gaban ɗan kawunsa da dariyarsa ta ɗauke. Ina duka ina magana, kuma ina tuna kowace kalma. Na ce namiji ba ya sakin ƙafa. Na ce in ka sake saki sai na karya hannun da ya sake ta. Na ce ko mutuwa za ka yi, ka mutu da ƙafarka a hannu. Tsohon nan ya ɗago ya ce, "Haba, bawan Allah." Ban ko waiwaye shi ba.

Da muka koma gida uwarsa ta ga shatar tiyo a bayansa lokacin da ya tuɓe riga. Ta kau da kai kamar yadda ta saba. Amma ta ajiye mini abinci da ƙarfi har miya ta fantsama.

Washegari muka koma. An ɗan yi yayyafi da rana, dutsen ya bushe a ido amma da sauran santsi a wasu wurare. Na sake sa shi ruwa. Ya naɗe ƙafar hagu ta baya, ya kama babban yatsan da hannun dama, na ga yadda ya damƙe har jijiyoyi suka fito. Aka fara. Wannan karon ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Ya kauce wa ɗaya, ya ture wani da hannun hagu, na tashi tsaye ina cewa haka, haka, tafi! Ɗan Alhaji ya taho da gudun tsallensa, da duk nauyin shinkafar gidansu, ya sa kafaɗa ya ɗauke shi.

Duk yaron da ya ga zai faɗi, hannu yake kaiwa ƙasa ya tare. Ko jariri ya san wannan. Ɗana bai kai ba. Ya tafi ta gefen dama da hannunsa a baya riƙe da ƙafa, gwiwar hannun ce ta fara isa dutsen, jikinsa gaba ɗaya ya bi ta kai. Na ji ƙarar daga inda nake, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Gefen fuskarsa ya bugu, gira ta fashe.

Na isa kansa. Hannun ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa, wani abu ya turo fata kamar zai fito. Jini na bin idonsa. Kuma yatsunsa na nan a kan yatsan ƙafar. Ya ɗago ido ɗaya ya dube ni ya ce, "Baba, ban saki ba."

Mutumin kirki da ɗansa zai ɗauka. Ni juyawa na yi. Ɗan Alhaji na tsaye baki buɗe yana cewa wallahi ba da gangan ba ne, wallahi wasa ne. Na shaƙe wuyan rigarsa na kwaɗa masa mari, na ƙara da bayan hannu, ya faɗi. Na zaro tiyo na hau shi. Ban san ko nawa na yi masa ba. Na san leɓensa ya fashe, na san ya tofar da haƙori, na san yana kiran gwaggonsa yana kare kai da hannu ina dukan hannun. Yara suka watse da ihu, ƙaramata ta saki fitsari a tsaye a wurin. Abin da ya tsayar da ni sanda ce. Tsohon nan ya sauke mini ita a gadon baya da iyakar ƙarfinsa, har numfashina ya ɗauke, ya sake ɗagawa.

"Ɗanka na kwance kana dukan ɗan wani! Wane irin mutum ne kai? Ɗauke shi, la'ananne, kafin in fasa maka kai!"

Sai da na ɓamɓare yatsun ɗana ɗaya bayan ɗaya kafin ƙafar ta sauka.

Ban kai shi asibiti ba. Na san in na shiga asibiti, kafin a duba shi labari ya kai Takur, Alhaji ya zo da babbar rigarsa yana gaisawa da likitoci, ni in koma ɗan rakiya a kan ɗana. Kuma ni ma na taɓa karyewa a ƙafa ina yaro, ɗori aka yi mini, ga ni ina tafiya. Na ɗaure masa gira da tsumma, na sa shi a gaban babur na nufi wani mai ɗori a wani ƙauye bayan gari. Kowane rami muka faɗa sai ya yi ƙara, ni kuma in ce yi mini shiru.

Mai ɗorin ya shafa hannun ya girgiza kai. Ya ce karayar gwiwa ce, mai wuyar sha'ani, amma za a gwada. Ya ce in danne shi. Na kwantar da ɗana a tabarma, na ɗora gwiwata a ƙirjinsa, na riƙe kafaɗar. Mutumin ya tofa addu'a, ya kama tsintsiyar hannun ya ja. Ihun da yaron ya yi, kajin gidan sai da suka tashi sama. Ya cije ni a cinya ta cikin wando, har yau da tabon. Aka sake ja, aka murɗa, sai ya yi laƙwas ya suma. Aka jera karare aka naɗe da tsumma tam. Da za mu tafi mai ɗorin ya riƙe hannuna ya ce, "Ka lura da yatsun. In ka ga sun kumbura ko sun sauya launi, kada ka kwana, ka dawo a sassauta." Ya faɗa mini. Ba zan ɗora masa abin da ba nasa ba.

Kafin mu dawo, matata ta wanke wa ɗan yayanta baki ta sa maƙwabci ya mayar da shi Takur. Alhaji ba ya gari, ya tafi wani aiki. Ta dubi hannun ɗanta daga bakin ƙofa, ta koma madafa.

Washegari yatsun suka kumbura kamar an hura su. Yaron bai ci komai ba, sai nishi. Ta zo ta tsaya a bayana ta ce, "Malam, hannun wannan yaron." Na ce ƙashi ne ke kamawa, haka yake yi. Na ɗau kayana na tafi rumfa. Gaskiyar ita ce na gani, kuma na tuna abin da aka ce mini. Amma komawa na nufin in yarda abin ya ɓaci, ni kuwa na riga na gaya wa duk unguwa cewa 'yar targaɗe ce, kwana bakwai zai koma wasa.

A rana ta uku da hantsi, ina ƙoƙarin fita, motar Alhaji ta tsaya a ƙofar gida har tana watsa caɓi. Ya fito babu hula. Ban taɓa ganinsa babu hula ba. Babu Malam, babu sallama.

"Kai, fito nan! Ɗana ka mayar jaki? Haƙori ka cire masa, ɗan iska, mahaukaci!"

"Ɗanka ya karya mini ɗa. Ka gode Allah haƙori ne."

"Wa ya kai su kan dutse? Uban wa ya ce su yi langa a kan dutse?"

Ya cakumi rigata, na cakumi tasa. Ya kai mini naushi a kunne, ashe masu albashi ma sun iya. Na sa masa kai a hanci, jini ya ɓalle a kan farar shaddarsa. Muka faɗi cikin taɓo muna birgima, ya shaƙe ni, na cusa masa yatsa a ido. Da na kuɓuce sai na zari liba daga buhun kayana, ƙarfen da nake ɓalle taya da shi. Na kai masa, ya kauce, ƙarfen ya sauka a gilashin motar ya tarwatse. Na sake ɗagawa. Wallahi a wannan lokacin niyyata in raba masa kai biyu, ban ɓoye ba.

Sai na ji matata ta kwarma ihu daga cikin gida. Sunan yaron ta kira. Shekara goma sha uku ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ta kira shi sau uku, da ƙarfin da duk layin suka ji. Ta fito babu mayafi, ta goyo shi a baya kamar jariri, ƙafafunsa na jan ƙasa, hannun na reto. Yatsun sun yi baƙi kamar ɗinya, wani wari na tashi daga tsumman. Ta ratsa tsakanina da yayanta, ƙarfen na sama a hannuna, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Yaya, buɗe mota. Ɗana zai mutu. Ku kashe juna daga baya."

Maƙwabta suka rufe ni ta baya. Mutum huɗu suka kayar da ni, wani ya murɗe hannuna ya ƙwace libar, wani ya zauna mini a baya, fuskata cikin taɓo. Daga nan ƙasa na ga Alhaji yana share gilashi daga kujera da hannun rigarsa, jini na zuba daga hancinsa, ya karɓi yaron ya kwantar. Na yi ta zagi ina cewa a sake ni, ɗana ne, babu mai kai shi ko'ina. Babu wanda ya sake ni sai da motar ta sha kwana.

An yi masa aiki a ranar. Likitan ya ce da an ƙara yini ɗaya da yanke hannun za a yi. Ba ni ya gaya wa ba, Alhaji ya gaya wa, ni ina tsaye a baranda kamar wanda ya zo duba wani. An ceci hannun, amma gwiwar ba ta ƙara miƙewa sosai ba, yatsu biyu kuma ba sa naɗewa. Da aka sallame shi aka ce sai an riƙa kawo shi wankin ciwo, Takur ta fi kusa, kuma akwai mota. Ban da bakin musu. Uwarsa ta bi shi ta yi mako uku a can, ta dawo ita kaɗai.

Na jira har makaranta ta koma. Ranar wata Asabar na yi wanka na sa rigar Juma'a na tafi. Alhaji ya fito ya same ni a bakin get. Bai ce in shiga ba, ni ma ban nema ba. Na ce na zo ɗaukar ɗana.

"Ni ban riƙe shi ba," in ji shi. "Ɗanka ne, ko alƙali ya san haka. Ga shi nan, ka tambaye shi."

Aka kira shi. Ya fito da hannun a rataye a wuya, ya yi haske, an yi masa aski. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ina kwana Baba, ya aiki, ya su Inna. Amma na lura da inda ya durƙusa. Ya auna, ya tsaya daidai inda hannuna ba zai kai ba.

"Tashi ka ɗauko kayanka."

Bai tashi ba, bai kuma ƙi ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Baba, in ka ce in zo zan zo."

Na san zai zo. Zai ɗauko jakarsa ya hau bayan babur ya riƙe ni da hannu ɗaya, kuma duk abin da na ce ya yi zai yi, ko mene ne. Zufa ta karyo mini, na ɗaga hannu don in gyara hulata. Hannun kawai na ɗaga. Yaron ya ƙanƙame, ya juya kafaɗarsa ya rufe karyayyen hannun da mai lafiyar, ya runtse ido yana jira.

Alhaji ya gani. Ya kau da kai, kuma wannan kau da kan ya fi mini naushinsa ciwo.

Ina da maganganu a cikina, amma ban saba faɗa masa irinsu ba, ban san ta inda ake farawa ba. Abin da ya fito shi ne, "Ka yi karatu. Kada in ji an ce ka yi wasa."

"To, Baba."

"Koma ciki."

Ya tashi ya shiga, bai juya mini baya ba sai da ya kai ƙofa. Na buga babur, ya ƙi tashi, na sake bugawa ya ƙi. Alhaji na tsaye. Na tura babur ɗin da ƙafa har ƙarshen layin kafin ya kama.

Shekara huɗu ke nan. Da hagu yake rubutu yanzu, an ce rubutun ma ya fi na da kyau. Yakan zo ranar Juma'a bayan masallaci ya tsaya a bakin rumfata ya gaishe ni, in ce ya karatu, ya ce lafiya, ya ɗan jima ya ce zai wuce wurin Inna. Makon jiya wani direba da nake yi wa faci ya bi shi da kallo ya ce, "Kai, yaron nan da ladabi yake. Ɗan gidan waye?" Yaron bai yi nisa ba, na ga ya rage tafiya.

Na ce wa direban ya matsa da motarsa gaba, ya tare mini hanya.